Sukurun da ya rage a leda ba rara ba ne

Idan an gama harhaɗa sabuwar wadirob ko durowa, kuma aka ga sukuru uku ko huɗu sun rage a cikin leda, mai haɗin yakan ce kamfani ne ya ƙaro. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa akwai ramin da aka tsallake, kuma ranar da za a gane shi ita ce ranar da yaro ya ɗafe jikin kayan.

Kayan ɗakin da ake kai wa amare a Jiga Makera da Jega da Maiyama sun sauya. Da kafinta ne ke yin gado da kabad da katako mai nauyi, a ɗauko su a haɗe. Yanzu da yawa a kwali suke zuwa daga Sin ko Turkiyya, ko kuma a yanka su a Kano da Sakkwato, a zo a harhaɗa a ɗaki ranar jere. Allunansu ba katako ba ne tsantsa: garin katako ne da aka cuɗa da gam aka danne, wanda ake kira MDF. Yana da kyan gani da sauƙin kuɗi, kuma ban ga laifin mai sayensa ba. Sai dai ba ya yafe kuskure. In an ɗaure sukuru fiye da kima, ramin ya ɓurme ke nan, ba zai ƙara riƙewa ba. In aka kwance kayan don ƙaura aka sake haɗawa, ƙarfinsu ya ragu. In ruwan wanke ɗaki ko danshin damina ya shiga ƙasan allon, sai ya kumbura ya saki abin da ya riƙe.

Abin da aka fi rainawa shi ne siririn allon nan na baya. Mutane na ɗaukarsa murfi ne kawai don hana ƙura, sai a buga masa ƙusa huɗu a wuce. Alhali shi ne ke hana wadirob karkacewa gefe. Ba tare da shi ba, ƙofa ba ta rufuwa daidai, madubi yana lilo, jikin kayan yana girgiza duk lokacin da aka taɓa.

Babban haɗarin kuwa kifewa ne. Durowa mai aljihuna biyar ko shida, in aka jawo aljihunanta waje, nauyinta yakan koma gaba. Yaro ɗan shekara biyu zuwa uku yana ganin aljihunan tamkar matakala. Da ya taka na ƙasa ya kama na sama, sai duk abin ya rufto masa a ƙirji ko a ka, tare da talabijin ko kwanukan da aka ɗora. Kada ka ce wannan matsalar kaya masu araha ce kaɗai. A watan Yunin 2016 kamfanin IKEA ya janye durowa miliyan 29 daga kasuwar Amurka, bayan yara sun mutu sakamakon kifewar waɗanda ba a ɗaure da bango ba. A 2017 adadin yaran da aka sani ya kai takwas. A ƙarshen 2022 Amurka ta kafa doka ta musamman kan daidaiton irin waɗannan kayan. Mu a nan babu jami'in da zai shigo ɗakin amarya ya gwada, don haka aikin yana wuyan maigida da uwargida.

Ra'ayina shi ne, duk kayan da ya fi yaro tsayi ba a gama haɗa shi ba sai an ɗaure shi da bango. Ƙaramin ƙarfe ne mai lanƙwasa da sukuru biyu. A bangon bulo a huda a sa roba kafin sukuru. Bangon ƙasa ba ya riƙe gajeren sukuru, sai kafinta ya kafa katako mai ƙarfi a jikinsa tukuna. In daɓen ɗakin bai daidaita ba, a gyara zaman kayan, kada a cusa kwali a ƙarƙashi. Kuma ina roƙon 'yan jere su daina matsa wa mai haɗi lamba don an kusa kawo amarya. Haɗin da aka yi da hasken tocila bayan isha'i, mata goma na jira a bakin ƙofa, da wuya ya fita lafiya. A yi shi kwana biyu kafin nan.

Gadon jariri ma a duba. Tazarar da ke tsakanin sandunansa kada ta wuce santimita 6, domin jikin jariri na iya zurarewa kansa ya maƙale. Katifa ta cika gadon ba tare da rata ba. Gado mai hawa biyu kuma, ba a kwantar da yaron da bai kai shekara shida ba a samansa.

Inda aikina ya shigo kai tsaye shi ne magani. Mu masu ba da magani kullum muna cewa a ajiye shi nesa da yara, sai iyaye su ɗora shi a kan durowa, yaro na kallo. Ruwan farasitamol mai zaƙi da jajayen ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki, waɗanda suke kama da alewa, su ne ke sa shi hawa. In kayan bai kife ba, ga maganin a hannunsa, kuma ƙwayoyin ƙarin jini kaɗan sun isa su yi wa ƙaramin yaro mummunar illa. Akwati mai makulli ya fi tsayin kabad amfani. Ledar sukurun ma a kawar da ita, don mai rarrafe ba ya ganin abu bai kai baki ba.

Idan tsautsayi ya auku, ka lura da wannan. Yaron da ya bugu a ka, in yana amai a kai a kai, ko barci mai nauyi, ko jijjiga, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, a kai shi asibiti nan take. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, domin suna iya ƙara zubar jini a ciki. Kada a ba shi maganin mura mai sa barci don ya yi shiru, zai ɓoye alamun da likita ke nema. Farasitamol daidai nauyinsa ya wadatar kafin a isa. In ana zargin wuya ko baya, kada a saɓa shi a kafaɗa a hau babur.

Na san hanyar Aliero ce ke fara zuwa zuciyar mutanenmu in an ce karaya, kuma masu ɗorin garin sun yi suna tun kaka da kakanni. Amma kayan da ya danne yaro ba ƙashi kaɗai yake taɓawa ba. Saifa ko hanta na iya fashewa ba tare da ko ƙwarzane a fata ba, yaro ya yi ta zubar da jini a ciki alhali ana duba ƙafa. A fara da babban asibitin Jega, ko Birnin Kebbi in an tura, a ɗauki hoto a duba ciki da ƙirji. Idan ƙusa ko sukuru ya huda fata, a tafi da katin rigakafinsa don a ga ko yana buƙatar allurar tetanus.