Kafin A Yanke Hukunci Kan Sakamako, A Duba Rajista

Duk ƙarshen zangon karatu, idan aka raba wa yara takardun sakamako a makarantun firamare na gwamnati da ke kusa da unguwannin Hausawa a Kudu, watau irin su Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Sabo ta Shagamu, zance biyu ne ke tashi. Iyaye su ce makarantar gwamnati ta lalace, malamai ba sa koyar da kome. Malamai kuwa su ce 'ya'yan Hausawa ba su ɗauki boko da muhimmanci ba. Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, amma dukkansu sun tsallake wani littafi da ya kamata a buɗe kafin a yanke hukunci, shi ne rajistar aji.

Wanda ya zauna ya bi sunayen da ke cikin rajistar aji uku a irin waɗannan makarantu, zai tarar ba yara iri ɗaya ba ne. Akwai 'ya'yan Yarbawa 'yan gari. Akwai 'ya'yan Hausawa haifaffun wurin, jikokin fataken goro da dillalan shanu, waɗanda Yarbanci ya zauna a bakinsu tamkar Hausa. Akwai waɗanda suka sauka daga mota watanni kaɗan da suka wuce, iyayensu sun baro Barno ko Zamfara saboda rashin zaman lafiya, ba su jin Yarbanci, balle Turanci. Akwai kuma yaron da ya shekara goma sha ɗaya, ya yi nisa a karatun allo, amma bai taɓa riƙe fensir ba, an zaunar da shi kan benci ɗaya da 'yan shekara takwas. Duk waɗannan malami ɗaya ke koya musu, littafi ɗaya, jarrabawa ɗaya.

Wannan haɗuwa ba haka kawai ta zo ba. Tun 1955 Cif Obafemi Awolowo ya buɗe ƙofar ilmin firamare kyauta a Jihar Yamma. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta Janar Obasanjo ta kawo shirin UPE ga ƙasa baki ɗaya. Daga 1979 Alhaji Lateef Jakande ya gina ajujuwa masu yawa a Ikko, har ya kawar da tsarin nan na wasu su zo da safe, wasu da rana. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta biyo baya a 2004. Ƙofa dai ta buɗu. To, amma sannu a hankali duk mai ɗan hali ya kwashe 'ya'yansa zuwa makarantar kuɗi, aka bar wa ta gwamnati 'ya'yan ɗan dako, da mai shayi, da mai wankin takalmi. Saboda haka idan aka jera sakamakon makarantun biyu aka ce wannan ta fi wannan, ba aikin malamai kaɗai aka auna ba, har da aljihun iyaye.

Sai kuma batun harshe, wanda shi ne ƙashin bayan matsalar. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a inda yake zaune. Hikimar wannan ta tabbata a gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida suka fi takwarorinsu da aka juya wa harshe tun da wuri, kuma Turancinsu bai gaza ba. To, a Agege harshen wuri Yarbanci ne, har ma a 2018 Jihar Ikko ta yi doka ta wajabta koyar da shi a makarantu. Ɗan Bayarabe ya amfana, haifaffen Agege ma ya amfana. Baƙon yaro kuwa, idan malama ta yi bayani da Turanci bai gane ba, ta sake da Yarbanci, nan ma bai gane ba. Sai ya kwafi abin da ke allo tsaf, ya koma gida da littafi cike, kai babu kome.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo na 'ya'yan baƙi ne kawai. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna cewa cikin yaran Nijeriya masu shekara 7 zuwa 14, wajen kashi 27 cikin 100 ne kurum ke iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. Idan ɗan gari na cikin wannan hali, ina ga baƙo?

Maganin farko ba ya cin kuɗi. Hedimasta ya sa a rubuta gaban sunan kowane yaro harshen da ake yi a gidansu, da shekarunsa, da ranar da ya shigo, da kwanakin da ya yi fashi. Idan sakamako ya fito, a karanta shi tare da waɗannan, nan take za a ga inda rufin ke yoyo. Na biyu, a gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda ya san baƙi, da wanda ke haɗa kalma, da wanda ke karanta labari, sa'an nan a raba su bisa matsayinsu na sa'a ɗaya ko biyu kowace rana, ba bisa ajinsu ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da wannan dabara, an kuwa gwada ta a Barno da Kano.

Sauran aiki na jama'ar unguwa ne. Kowace makarantar gwamnati ana so ta kasance da kwamitin gudanarwa na iyaye da shugabannin al'umma, kuma kujerar da ba a zauna a kai ba, ba ta magana. Sarakunan Hausawa da limamai da attajiran kasuwa suna iya ɗaukar nauyin saurayi ko budurwa mai takardar NCE, mai jin Hausa da Yarbanci, ya riƙa zama da sababbin zuwa har su kama ƙasa. Iyaye kuma su sani, yaron da aka tafi da shi gida da damina aka dawo da shi bayan girbi, ko yarinyar da ke tallar safe sai rana ta take ta isa aji, babu malamin da zai iya cike musu giɓin.

Zango mai zuwa, uban da ya karɓi takardar sakamako, kafin ya ɗaga murya ko ya ɗaga bulala, ya buɗe littafin yaron ya ce ya karanta masa layi ɗaya. Abin da ya ji da kunnensa, shi ne zai kai gaban hedimasta. Allah ya raya zuri'a, ya ba su ilmi mai amfani.