A Ɗauki Hoton Mutum-mutumi Tun Yana Tsaye

A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Legas ta kafa mutum-mutumin mawaƙi Fela Kuti a shataletalen Allen da ke Ikeja. Ba a cika shekara 3 ba aka ɗauke shi, domin a gyara hanya saboda cunkoson motoci. Wanda bai gan shi a wurin ba, yanzu sai dai a nuna masa hoto, in har wani ya ɗauka.

Mun san akwai 'yan'uwa a cikinmu da za su ce ina ruwan mai bi da gumaka. To, gunki abin da ake yi wa sujada ne. Mutum-mutumin bakin titi kuwa abin tuni ne, kamar duwatsu 12 da Joshuwa ya kafa a Gilgal domin 'ya'ya su yi tambaya, iyaye su ba da labari.

Dubi na Sarauniya Amina ta Zazzau bisa dokinta, wanda Ben Ekanem ya tsara a 1975, aka kafa a ƙofar babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Iganmu. Yaron da aka haifa a Ikko, wanda bai taɓa taka Zariya ba, a nan zai iya fara jin sunanta. Haka kuma Anyanwu, aikin tagulla na Ben Enwonwu da ke jikin gidan tarihi na Onikan, har Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya irinsa a 1966. Waɗannan sun yi suna. Damuwarmu ita ce ƙananan da ke shataletalen garuruwanmu, na siminti, waɗanda rana da ruwan sama ke ci, 'yan siyasa kuma suna manna musu fosta. Sau da yawa ko sunan wanda ya yi su ba a rubuce yake ba.

Shawararmu ga ƙungiyoyin matasa da malaman makarantunmu ita ce su fita da kyamara ko waya, da sassafe kafin rana ta yi tsaka, a ɗauka ta gaba da ta gefe, har da kantuna da masu talla da ke kewaye, gama su ne za su nuna zamanin. A rubuta kwanan wata da sunan titi, a tambayi dattawan unguwa wa ya yi shi. Inda akwai jami'an tsaro a nemi izini tukuna. Sa'an nan a wanke hotunan a kai ɗakin karatu na makaranta, kada a bar su cikin waya.