Rediyon dijital: Kada a kashe FM kafin mai sauraro ya shirya

A ranar 11 ga Janairun 2017 ƙasar Norway ta fara kashe na'urorin FM na manyan gidajen rediyonta, daga lardin Nordland da ke arewacin ƙasar. Kafin shekarar ta ƙare an kammala aikin, ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta mayar da tashoshinta na ƙasa baki ɗaya kan tsarin dijital da ake kira DAB.

Gwamnati tana da hujjojinta. Ƙasar cike take da duwatsu da kwaruruka, sai an kafa turaku masu yawa kafin FM ya kai ko'ina. Hukumomi sun ce kuɗin watsa shiri ta FM ya ninka na DAB sau takwas, kuma maimakon tashoshin ƙasa biyar, sabon tsarin ya ɗauki fiye da 20.

Duk da haka jama'a ba su yi na'am ba. Wani jin ra'ayi da jaridar Dagbladet ta wallafa gab da fara aikin ya nuna kashi 66 cikin 100 ba sa goyon baya. A lokacin, motoci kusan miliyan biyu ba su da rediyon da ke kama DAB, sai mai mota ya sayi ƙarin na'ura daga aljihunsa. Wasu kuma sun nuna fargabar cewa sanarwar gaggawa za ta wuce direbobi da tsofaffi ba su ji ba.

Ba a Norway kaɗai aka yi turjiya ba. Finlan ta rufe tashoshinta na DAB tun 2005. Suwidin ta dakatar da shirin sauyawa a 2015. Birtaniya, wadda ta daɗe da rediyon dijital, ta yanke a 2021 cewa FM zai ci gaba aƙalla har 2030. A Suwizalan kuwa, da gidan rediyon ƙasa ya sauka daga FM a ƙarshen 2024, ya yi asarar masu sauraro da dama.

Tushen adawar guda ne: gidan rediyo ke samun sauƙi, mai sauraro ke biyan kuɗi. Akwatin da ya yi shekaru yana aiki lafiya sai ya zama kwandon shara a dare ɗaya. Sannan FM idan ya yi rauni ana ji da ƙara-ƙara, amma dijital idan ya yi rauni sai ya riƙa yankewa ko ya ɗauke gaba ɗaya, kuma mutanen karkara ne suka fi zama a bakin iyakar zango.

Wannan batu ya shafi Najeriya, domin ta riga ta ɗanɗana irinsa a talabijin. Wa'adin komawa dijital na 17 ga Yunin 2015 ya wuce ba a cika ba. An ƙaddamar da gwaji a Jos a 2016, aka biyo da Abuja da wasu jihohi, amma aikin ya yi ta tafiyar hawainiya, akwatunan kama tasha ba su wadatu ba. Idan talabijin ta sha wannan wuya, me ake zato ga rediyo, wanda shi ne jaridar manomi da makiyayi da direba da matar aure a tsakar gida?

A Arewa, ƙaramin rediyo mai batir ya ishi gida guda, babu ruwansa da ɗaukewar wuta. Wayoyin hannu masu araha da yawa suna kama FM ba tare da data ba. Masu cewa intanet zai cike gurbi su tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro. Waya ta yi shiru, rediyo bai yi ba.

Ba a cewa a yi watsi da fasaha. Amma duk ranar da Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta tashi kawo rediyon dijital, ya kamata ya zo ya tarar da FM, su yi tafiya tare. Kada a tsayar da ranar kashe FM sai akwatin dijital ya yi arha, sai zangonsa ya kai ƙauyukan da FM ke kaiwa, sai kuma an tanadar wa ƙananan tashoshi hanyar da ba za ta durƙusar da su ba. Ko Norway ta bar tashoshin yankuna a kan FM.

Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari ya haɗo.