An Bar Tanki Ana Dukan Filta

Kaka ta yi, kuma duk wanda ya bi hanyar Ɗambatta ko ta Bichi da sassafe zai ga tsofaffin bas sun durƙusa da buhunan gero da wake da riɗi, daga Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa, kowace ta nufi Dawanau. A gidaje da yawa na wannan yanki bas ɗin nan ita ce gona ta biyu. Daga balas ɗinta ake cefane, daga shi ake biyan kuɗin makaranta. To yau maganarmu a kan mai shan gas ce, da ciwon da ya fi kwantar da ita.

Ka san alamarsa. Da safe ta tashi lafiya, silo ɗinta ras. Ka yi lodi, ka sauka daga burji ka hau kwalta, kana taka totur sai ka ji ta ƙi ja, tana shiɗewa kamar mai asma. Ka tsaya gefen hanya minti biyar, ka sake tayarwa, ta ɗan tafi, ta sake. A gareji bakanike ya ce filta ce, a sauya. An sauya, ta yi sati biyu lafiya, ciwo ya dawo. An sake sauyawa. A karo na uku ne wani zai ba ka shawarar da za ta kashe maka jari: a cire filtar gaba ɗaya a haɗa tiyo kai tsaye, ko a huda ta da ƙusa don mai ya wuce.

Kada ka yarda. Tsakanin fistan ɗin famfon injekta da gidansa akwai ratar da ido ba ya gani, kuma famfon yana tura gas zuwa nozul da ƙarfin da ya haura ba 100, alhali iskar tayar bas ɗinka ba ta wuce ba 3 zuwa 4 ba. Kaurin gashin kai kusan maikiron 70 ne. Filtar gas tana tare abin da bai wuce maikiron 10 ba, saboda ƙurar da ta kai wannan ƙanƙanta ita ce ke goge cikin famfo kamar sanfefa. Famfon da ke kan yawancin waɗannan ƙananan injuna kuwa ba ya shan baƙin mai, gas ɗin da ke ratsa shi ne kaɗai ke sa masa santsi. Duk abin da ke cikin gas, yana cikin famfo. Kuɗin gyaransa zai saya maka filta kwali guda, ban da kwanakin da mota za ta yi a kwance tsakiyar kaka.

Filtar da ta toshe cikin sati biyu aikinta ta yi. Abin tambaya shi ne daga ina dauɗar take zuwa. A nan ne ake barin jaki a koma dukan taiki.

Dubi tarihin motar tukuna. Kamfanin Peugeot ya fara ƙera J5 a 1981, Boxer ta gaje ta a 1994, ke nan duk J5 da ka gani a tasha ta haura shekara 30. Hayis masu injin 2L da 3L ma ba yara ba ne. Da yawansu motocin kaya ne a Turai, babu kujera babu tagar gefe. Sai da suka iso nan 'yan Kwatano aka yanka musu taga, aka huda ƙasa aka ɗaura kujeru. Wasu kuma an cire kujerun an ƙara sifirin don ɗaukar kwandunan tumatir daga bakin dam ɗin Watari da na Tomas zuwa 'Yankaba. Kowane irin wannan aiki yana barin tabo a layin mai. Mai huda ƙasa ba ya leƙawa ya ga abin da ke ƙarƙashi. Noti ɗaya na kujera yana iya danne bututun mai ya matse shi, ko ya riƙa gogarsa a gargada har ya yi ƙaramin rami. Wani lokaci saman tankin kansa ake taɓawa, a bar ƙofar da ƙura da ruwan sama za su riƙa shiga shekara da shekaru.

Ta fi muni idan motar ta fetur ce aka ɗora mata injin gas. Tankin na fetur ne, kuma a bakin bututun da ke zuƙo mai daga cikinsa akwai 'yar raga mai ƙananan idanu da aka yi don fetur. Gas ya fi fetur kauri, ragar kuma ta tsufa da tsatsa. Injin gas yana mayar da rarar mai tanki ta bututu na biyu, to in wanda ya yi haɗin bai yi wannan layi da kyau ba, ko ya yi amfani da kowane irin tiyo ya samu, tiyon zai kumbura ya riƙa sakin baƙin gari daga ciki. In kuma an yi waldar ƙarin tanki da farin ƙarfe irin na bokiti, sinadarin zink da aka shafe shi da shi ba ya jituwa da gas, yana narkewa ya bi layi.

Abu uku ke hana gas isa famfo yadda ya kamata: dauɗa, ruwa, iska. Alamominsu sun yi kama, amma mai lura yana raba su.

Dauɗa sannu take kamawa. Silo lafiya, tafiya ba kaya lafiya, sai an yi lodi ko an kai giya ta sama ƙarfi ya ƙare, kuma salansa ba ta baƙin hayaƙi. Wannan na ƙarshe ka riƙe shi. In ƙarfi ya ragu kuma hayaƙi baƙi ƙirin, fara duba filtar iska, musamman da ƙurar hunturu ta sauko, domin injin da aka toshe wa hanci ne ke baƙin hayaƙi. Wanda ake wa rowar mai ba shi da abin ƙonawa.

Ruwa shi farat ɗaya yake zuwa, sau da yawa bayan ka sha mai a sabon wuri ko bayan ruwan sama mai ƙarfi. Injin ya riƙa tsallen bugu, ya yi farin hayaƙi, ya mutu. Gwajinsa ba ya cin kwabo. A ƙasan filta akwai ɗan makunni na tsiyayar da ruwa. Tara kwalba mai haske, ka kwance shi, ka ajiye abin da ya zubo minti goma. Litar gas ba ta kai nauyin litar ruwa ba, don haka ruwan zai kwanta a ƙasa da layinsa sarai. A Hayis akwai fitila a dashbod da aka yi don ta gaya maka wannan, sai dai a motoci nawa ka ga tana aiki? Yawanci an tsinke wayarta tun ranar da aka ɗora kujeru. In ka ga wani baƙin abu mai yauƙi kamar miyar kuka a tsakanin ruwan da man, ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa ya haɗu da gas. Motar da ta daɗe a ajiye ta fi yin sa, kuma gas ɗin Turai, da ake gauraya masa man tsirrai har kashi 7 cikin 100, ya fi saurin haifar da shi. 'Yar Kwatanon da ta yi watanni a tashar jirgin ruwa tana iya zuwa da abinta tun daga can. Sauya filta sau goma ba ya kashe shi matuƙar ruwan yana kwance a tanki.

Iska ita ce mai wahalar da kanikawa, don ba ta barin shaida a ƙasa. Daga tanki zuwa famfo zuƙo man ake yi, don haka ƙaramin tsagu a tiyo ba ya ɗigar da mai waje, iska yake ja ciki. Za ka kwana da mota lafiya, da asuba ta tashi ta yi daƙiƙa kaɗan ta mutu, sai an buga famfon hannu kafin ta sake kamawa. Ko silo ya riƙa hawa da sauka da kansa. Sa bakanike ya ɗaura guntun tiyo mai haske tsakanin filta da famfo, ku tayar ku zuba ido. In kumfa na wucewa, ta sha iska. Mayar da tiyon gaban filta. In can babu kumfa, ɓarawon yana kan filtar: robar da aka murɗe, tsohuwar robar da ta manne aka ɗora sabuwa a kanta, ko famfon hannun da fatarsa ta tsage. Masu filta irin ta tarakta, mai kwalba a ƙasa, ku kula ƙwarai, robobinta sun fi ɗaya kuma saurin zama a karkace gare su.

Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama, kuma na fi son a yi shi kafin a sayi komai. Samo jarka mai tsabta da gas ɗin da ka amince da shi. Cire tiyon da ke zuwa daga tanki a bakin filta, ka sa wani daga jarkar. Tiyon da ke mayar da rara shi ma a juyo shi cikin jarkar, in ba haka ba za ta ƙare nan da nan. A ɗaure ta da kyau, a yi 'yar gajeriyar tafiya kusa da gareji, ba fasinja. In mota ta warke, ciwon yana tsakanin tanki da filta. In ba ta warke ba, sai a dubi filtar da abin da ke gabanta. Kafin ma wannan, ranar da ta shiɗe a hanya, buɗe murfin tanki ka saurara. In ka ji ya ja numfashi, fuuu, kafar shaƙar iskar tankin ce ta toshe da laka, ko an sauya murfin da wanda ba nasa ba. Tankin da ba ya shaƙa yana riƙe mai, ya yi maka duk alamun filtar da ta toshe.

Tsohuwar filta kuma kada a jefar da ita a kwata. A tsiyaye ta, a yanka, a buɗe takardar ciki. Jan gari tsatsar tanki ce. Baƙin gari mai laushi tiyo ne ke ruɓewa. Yashi da ƙaiƙayi daga jarka da mazurari suka zo. Uwargida, in da kuɗin adashenki a cikin motar nan, ko Alhaji in ka ba direba ita yana kawo balas, ga abin da za ku roƙa ba tare da an zargi kowa ba: duk filtar da aka cire a kawo ta gida, sabuwar kuma a rubuta mata ranar da aka ɗaura a jikinta. Agogon kilomita ya mutu tuntuni, wannan rubutu ne kaɗai lissafinku.

In shaida ta nuna tanki, a sauke shi a wanke, a shanya ya bushe sarai, a duba ragar ciki, a sauya tiyo da wanda aka yi don gas. Aikin yini guda ne, kuma shi ne aikin da kowa ke gudu. Kada wanda ya kai wutar walda kusa da tankin da ba a wanke ba, kada kuma yaron mota ya zuƙi tiyo da baki.

Sai maganar inda ake shan man. Tun 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa farashin gas ya ninka fiye da sau biyu cikin watanni, kowa ke neman mai sauƙi. Ba na cewa duk ɗan bumburutu mugun mai gare shi, a ƙauyen da gidan mai ya yi nisa shi ne rufin asiri. Amma jarkar da ta kwana a buɗe, da durom ɗin da ake karkatawa har ƙasa, su ne hanyar ruwa da laka. In dole ne, bar man ya kwana a jarkarka, ka zuba na sama ka bar na ƙasan. Ƙyallen da ake shimfiɗawa a mazurari ƙaiƙayi kawai yake tarewa. A gidan mai ma, in ka tarar tanka na sauke kaya, wuce ka dawo, lokacin ne dauɗar ƙasan rumbunsu ke tashi. Kwana da tanki a cike ya fi kwana da shi wayam, domin iskar da ke ciki tana yin raɓa idan dare ya yi sanyi.

Masu bincike a waya za su ga Turawa na ta maganar gas ya daskare ya toshe filta. Wannan ciwon ƙasashen ƙanƙara ne. Sanyin Kano bai cika kaiwa nan ba. In motarka na wahalar tashi da asubar hunturu amma tana ja lafiya in ta yi zafi, a duba hita da batir.

Wajen sayen sabuwa, a Ƙofar Ruwa kamar kowace kasuwa akwai daraja-daraja. Tafi da tsohuwar ko lambarta, ka gwada zaren da faɗin robar, ka ɗaga ka ji nauyi. Wadda ta yi shafal takardar cikinta kaɗan ce. 'Yar filtar roba ta fetur ba ta maye gurbin ta gas, iyakarta a sa ta a gaba ta tare manyan dauɗa. Wajen ɗaurawa a shafa wa robar gas, a ɗaure da hannu ban da sifana. Kanikawa na son cika ta da mai kafin su ɗaura. In za a yi, kada a zuba ta babban ramin tsakiya, nan ne hanyar da tataccen mai ke fita zuwa famfo. Ya fi kyau a ɗaura ta haka, a sassauta notin fitar da iska, a yi ta buga famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a jere, a bar kik ya huce tsakani. In har sai an sassauta bututun nozul, kowa ya janye hannunsa, man da ke fita nan yana huda fata.

Sai an gama duk wannan, jarka ta ce ba tanki ba ne, tiyo mai haske ya ce ba iska ba ce, filta sabuwa ce ta kirki, sannan a yi maganar kwance famfo a kai wa masu saitinsa cikin gari. Wanda ya yanka tasa filtar ya rubuto mana a ƙasa abin da ya gani, ya faɗi irin injin, da ko an taɓa sauya shi.