Daga Jemage Zuwa Jirgin Yaƙi: Darasi Ga Madatsar Tiga

A shekarar 2016 Amurka ta ƙaddamar da wani jirgin ruwan yaƙi mai suna Sea Hunter. Tsawonsa ya kai mita 40, kuma an ƙera shi ne don ya yi watanni a teku ba tare da matuƙi ba, yana farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Abin tambaya a nan shi ne, ina ruwan ɗalibin Kiru ko Tudun Wada da wannan jirgi?

Da ruwansa ƙwarai. Haske ba ya nisa a cikin teku, saboda haka irin waɗannan jirage da kunne suke farauta. Na'urarsu, wato sona, takan aika sauti ta saurari amsa-kuwwarsa. Wannan hikima kuwa tuni Allah Ya hore wa ƙananan jemagu masu cin ƙwari, kamar yadda masanin dabbobi Donald Griffin ya tabbatar a wajejen 1940. Yaron da ya taɓa yin kuwwa a duwatsun Riruwai ya riga ya san tushen al'amarin.

Sai dai ilimi tamkar wuƙa yake. A watan Maris na 2000, manyan dabbobin teku masu shayarwa fiye da 15 suka faɗo gaɓar tsibiran Bahamas, wasu suka mutu. Bincike ya ɗora laifin a kan ƙarar sonar sojojin ruwan Amurka.

Amfanin wannan fasaha ga jama'ar kudancin Kano ba na yaƙi ba ne. Tun da aka kammala Madatsar Tiga a 1974, Kogin Kano ke kwaso laka da yashi yana jibgewa a cikinta kowace damina. Gwargwadon taruwar laka, gwargwadon raguwar ruwan da manoman Kadawa suka dogara da shi. Ƙaramar sona a kan kwalekwale za ta iya auna wannan asara. Sauti na gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa. Idan ya je ya dawo cikin daƙiƙa 0.02, ya yi tafiyar mita 30, zurfin wurin mita 15 ke nan.

Don haka ya kamata hukumomi su riƙa auna zurfin Tiga a kai a kai, su kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Su ko malamai, ya dace su fitar da darasin sauti daga allo, su kai ɗalibai bakin rijiya da gindin dutse. Wanda ya iya lissafin amsa-kuwwa a yau, shi zai tsare ruwan garinsu gobe.