Sandar Ƙarfe Da Igiyar Guga

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, watakila ku yi mamakin jin mun buɗe magana da zancen ƙanƙara, mu da muka tashi cikin zafin bazarar Gaya da Ajingi. Ku yi mana haƙuri, akwai dalili.

A can ƙurewar arewacin duniya, watau Saberiya da Alaska da arewacin Kanada, akwai ƙasar da sanyi ya daskarar. Muddin ta shekara biyu a jere ba ta narke ba, masana kan kira ta daskararriyar ƙasa, wata ma ta yi shekaru dubbai a haka. Saiwoyi da ciyayin da ke binne cikinta sun kasa ruɓewa, har aka ƙiyasta kabon da ta riƙe ya kusa ninka wanda ke cikin iskar duniya sau biyu. Yanzu da duniya ke ɗumama ta soma narkewa, abin da ke ciki yana ruɓewa, iskarsa tana tashi tana ƙara zafi. Wannan zafi kuwa ba ya neman izinin kowa kafin ya iso gonar gero a Ajingi.

To, amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne halin matasan da ke nazarin wannan ƙasa. A 2005, wajen wani taro a birnin Kofanhagan, suka kafa ƙungiyarsu mai suna PYRN, a inuwar babbar ƙungiyar masanan fannin wadda ke nan tun 1983. Ba su jira sun zama shehunnan malamai ba. Sukan shirya wa juna bita kafin manyan taruka, su nema wa marasa hali guzurin tafiya, su tattara sunayen kundayen bincikensu wuri guda. Wani sashe na aikin nasu ma ba shi da tsada. A ƙarshen kowane lokacin zafi akan soka sandar ƙarfe cikin ƙasa har ta ci karo da ƙanƙara, a rubuta zurfin, a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, shekara da shekaru. Da aka haɗa awon wurare masu yawa, sai ya zama hujjar da duniya ke saurara.

Mu fa? Ƙasarmu ba ta daskarewa, amma tana canzawa. Iyayenmu sun sha farin 1973 da na 1984. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Haɗeja ta sake. A 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a kwarin wannan kogi. Duk da haka, wane ne cikinmu zai iya kawo littafi guda da ke nuna zurfin ruwan wata rijiya a Gaya, rani bayan rani, na shekara ashirin?

Ba wuraren ilmi muka rasa ba. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, ƙofar gidanmu. Ga Cibiyar Nazarin Noma a Busasshiyar Ƙasa ta Jami'ar Bayero, ga ta binciken aikin gona a Samaru. Marigayi Michael Mortimore ya yi shekaru yana bin manoman arewa, har ya fitar da littafi a 1989 kan yadda suke jure fari. Abin da muka rasa shi ne zumunci tsakanin masu tasowa. Ɗalibi kan sha rana yana ɗibar ƙasa a fadama, ya rubuta kundi, a ba shi digiri, kundin ya koma ɗakin ajiya gara ta yi biki. Baɗi wani ya zo ya fara daga farko. Malamin gona da ke ƙauye yana da labarin da ɗalibin ke nema, amma ba su taɓa gaisawa ba. Ƙarshenta idan baƙo ya zo da kuɗin bincike, shi ke da tambaya, shi ke da suna a bangon littafi, mu kuwa tafinta da ɗaukar jaka.

Wani zai ce ai waɗancan gwamnatocinsu masu arziki ne. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma nawa ne kuɗin igiyar guga da aka yi wa alamar awo? Nawa ne kuɗin ma'aunin ruwan sama da littafin rubutu?

Saboda haka muna kira da abu uku. Na farko, ɗaliban Gaya da Ajingi masu karatun ƙasa da ruwa da noma su haɗu da matasan ma'aikatan gona su kafa ƙungiya, su zaɓi rijiyoyi da gonaki ƙalilan, da izinin masu su da na dagatai, a riƙa auna su a kan kari. Na biyu, a tara jerin duk binciken da aka taɓa yi a yankin, a taƙaita shi da Hausa domin manomin da aka yi aikin a gonarsa. Na uku, mu miƙa hannu waje, mu fara da maƙwabta: ɗaliban jami'ar Maraɗi, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai mai lura da damina da fari tun 1974, da shirin WASCAL mai horar da matasan Afirka ta Yamma kan sauyin yanayi. Daga nan mu rubuta wa na nesa. Wanda ya je taro da awon shekara goma a hannunsa, abokin aiki ne, ba ɗan rakiya ba.

Tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka bi sawun tama har Dutsen Dala. Ashe binciken abin da ke cikin ƙasa gadonmu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa sannan maƙwabta ke kawo ɗauki. Allah ya ba mu ikon farawa tun ranin bana, amin.