Takardar eko ba ta yanke hukunci

A garuruwanmu, idan an fito daga asibiti da takardar eko cikin Faransanci, wajen malamin lakwal ake kai ta. Ya karanta, ya ga an rubuta akwai ƙari a hanta, sai gida ya rabu biyu: wasu su fara kuka tun mutum yana tsaye da ƙafafunsa, wasu su ce sammu ne, a nufi mai magani. Duka biyun sakaci ne, kuma malamin da ya fassara "nodule" da kansa kai tsaye ya wuce gona da iri.

Ƙari a hanta iri-iri ne. Wanda aka fi gani cikin marasa illa dunƙulen jijiyoyin jini ne. Mutum zai iya tsufa da shi bai sani ba, sau da yawa ba ya buƙatar ko ƙwaya ɗaya. Akwai ƙurjin hanta mai tara mugunya, wanda magani ke warkarwa. Akwai kuma kansa, mai cinye matashi cikin watanni. Hoton eko kaɗai ba ya raba su a kullum. Sai an yi awon jini na ciwon hanta B da C, da awon AFP, da hoton sikana, wani lokaci a ɗebi ɗan nama a duba. To wa ya ba mai lasifika a kasuwa ilimin da na'ura ma ba ta isa ta bayar ita kaɗai ba? Jiƙe-jiƙensa hantar da ta gaji ce za ta tace su, makonni kuma suna tafiya, alhali kansar hanta tana aikuwa ne kawai idan an kama ta tana ƙarama.

Abin takaici, mun san tushen yawancinta a yankinmu: ciwon hanta B, da gubar gyaɗa ko masara mai funfuna. Jaririn da ya kamu daga uwarsa, cikin 10 kusan 9 za su rayu da ƙwayar cutar har girma, shiru, babu alama. Allurar rigakafi tana nan, ana son ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Wanda ke ɗauke da cutar kuwa ya bi likita, domin akwai magani kamar tenofovir, kuma masu haɗari ana duba hantarsu duk wata 6.

Malam, in an kawo maka takarda, karanta, ka ce a koma wa likitan da ya rubuta ta cikin makon nan, a tambaye shi awon da ya rage. Uwar gida mai ciki kuma a yi mata awon B kafin ta haihu.